Yadda ake canza amortisar na motar ɗaukar kaya a gida



Duk shekara in kaka ta yi, ƙaramar motar ɗaukar kaya ba ta samun hutu. Ita ce ke kwaso buhunan hatsi da wake daga gonaki zuwa kasuwa. Ita ce ke ɗauko albasa daga garake. Ranar kasuwa ita ce ke ɗaukar mutane da awaki. In dare ya tsala mace ta shiga naƙuda mai wuya, ko maciji ya sari yaro, sau da yawa ita ce ke kai su likita. Ke nan lafiyar wannan mota tana haɗe da lafiyar mutanen gari.

Akwai wani ƙarfe a ƙarƙashin mota wanda ba a cika kula da shi ba, domin ko ya mutu mota ba ta daina tafiya. Makanikanmu suna kiransa amortisar. A Najeriya ana ce masa shakazoba. Yau za mu yi bayanin aikinsa, da yadda ake gane ya lalace, da yadda mutum zai iya canza shi a gida. Za mu kuma faɗi wurin da ya kamata mutum ya tsaya ya nemi makaniki. Wannan shi ne abu mafi muhimmanci a cikin bayanin, saboda aikin yana da wurare biyu da ke iya kashe mutum.

Mene ne aikin amortisar?

Tsakanin jikin mota da ƙafafunta akwai abubuwa biyu da ke aiki tare. Na farko shi ne rasor, wanda wasu ke kira sifirin. Shi ne ke ɗauke da nauyin mota da na kaya. Rasor iri-iri ne. Akwai na falle-falle, wato dogayen ƙarafa da aka ɗora bisa juna. Shi ake gani a bayan yawancin motocin ɗaukar kaya. Akwai kuma na murɗe, mai kama da gammon maciji.

Na biyu shi ne amortisar. Shi ba ya ɗaukar nauyi. Aikinsa shi ne ya hana rasor yin ta rawa.

Ga misali. Ka kama reshen icce ka jawo shi ƙasa, sa'an nan ka sake shi. Zai yi ta lilo, sama da ƙasa, kafin ya tsaya. Amma in ka riƙe shi da hannu ka mayar da shi a hankali, nan take zai natsu. Rasor shi ne reshen. Amortisar shi ne hannun.

Amortisar bututun ƙarfe ne cike da mai. A cikinsa akwai sanda mai faifai a kanta, faifan kuma yana da ƙananan kafofi. In mota ta faɗa rami, sandar tana nutsewa ko ta fito, man kuma dole ya ratsa ta waɗannan kafofi. Tun da kafofin ƙanana ne, man ba ya wucewa da sauri. Wannan jinkiri shi ke kashe tsallen mota. Duk wanda ya taɓa tura ruwa da sirinjin allura ya san yadda abin yake. Ƙarfin tsallen kuwa yana komawa zafi. Shi ya sa amortisar mai lafiya yakan yi ɗumi bayan tafiya kan gargada. Wasu amortisar ɗin, ban da mai, an ɗura musu iskar gas mai matsi, domin kada man ya yi kumfa in ya yi zafi.

Me ke faruwa in ya mutu?

Taya tana riƙe mota ne kawai lokacin da take manne da ƙasa. Tayar da ke sama ba ta jin birki, ba ta jin sitiyari. In amortisar ya mutu, taya tana ta tsalle kamar ƙwallo, tana taɓa ƙasa tana barinta. A kan hanyar jar ƙasa mai gargada abin ya fi muni.

Ga abin da ke biyo baya. In direba ya taka birki, mota ba ta tsayawa inda ya saba; sai ta ƙara gaba. In jaki ko yaro ne ya gitta, wannan ƴar tazara ita ce tsakanin rai da mutuwa. A kwana kuma mota tana karkata, bayanta yana zamewa. In an yi mata lodi mai tsawo, mutane na zaune bisa buhuna, tana iya kifewa. Ban da haɗari akwai hasara: tayoyi suna cinyewa da wuri, fallayen rasor suna karyewa, notina suna kwancewa, tumatir da ƙwai suna fashewa kafin a kai kasuwa. Marar lafiyar da aka kwantar a baya kuwa, musamman mai karaya ko mai ciki, wahalarsa ninkuwa take yi.

Alamomin da za ka duba

1. Ka tsayar da mota babu kaya. Ka danna kusurwa ɗaya da ƙarfinka, sa'an nan ka saki. In ta taso ta tsaya, da sauran lafiya. In ta yi ta lilo sau 2 ko 3, amortisar ɗin wannan gefe ya gaji. Amma ka sani, rasor na falle-falle yana da tauri, ba kullum wannan gwaji ke nuna gaskiya a bayan mota ba. Sai ka haɗa da sauran alamomin.

2. Ka leƙa jikin amortisar. In ka gan shi jiƙe da mai, ƙura ta manne masa ta yi baƙi, to yana yoyo. Amortisar da mansa ya tsiyaye ya gama aiki.

3. Ka shafa taya da tafin hannu. In ka ji tudu da kwari, wani wuri ya cinye wani bai cinye ba, alama ce taya tana tsalle.

4. In ka taka birki hancin mota ya nutse ƙasa sosai, ko kuma bayan an wuce rami mota ta ci gaba da rawa kamar kwale-kwale, ka zargi amortisar.

5. In kana jin ƙwanƙwasa daga ƙarƙashi a kan gargada, ka duba robobin da ke saman amortisar da gindinsa. Wani lokaci su kaɗai ne suka cinye. In haka ne, robobin za ka canza, kuɗinka sun huta.

6. Bayan tafiya kan hanya marar kyau, ka kusantar da bayan hannunka ga kowane amortisar, a hankali kada ka ƙone. In ɗaya yana da ɗumi ɗan uwansa kuwa sanyi ƙalau, mai sanyin ba ya aiki.

Kamfanonin da ke ƙera amortisar sukan ba da shawarar a duba shi sosai in ya kai wajen kilomita dubu 80. Motar da ke bin babbar hanya mai kwalta daga Yamai zuwa Dosso, Ƙonni, Maraɗi da Damagaram tana iya kai wannan lissafi. Amma wadda aikinta shi ne bin hanyoyin ƙauye da lodi, nata suna gajiya tun kafin nan. Saboda haka kada ka dogara ga lissafin kilomita. Ka duba da idonka kafin damina, ka sake dubawa kafin kaka.

Ka san irin motarka tukuna

Amortisar iri biyu ne, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne.

Iri na farko shi ne wanda yake tsaye shi kaɗai, rasor yana gefe guda. Bulon ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, shi ke nan. Bulon shi ne ƙusar nan mai haƙora wadda ake ɗaure ta da noti. Wannan irin ne ke bayan kusan dukan motocin ɗaukar kaya. Shi ne kuma ke gaban tsofaffin Toyota Hilux, da gaban Toyota Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya. Mutum mai natsuwa yana iya canza shi a gida.

Iri na biyu shi ne amortisar mai rasor a wuya. A nan an zura amortisar cikin rasor na murɗe, an matse rasor ɗin, an rufe shi da faranti da noti ɗaya a tsakiya. Hilux ɗin da aka ƙera daga shekarar 2005 zuwa yau suna da irin wannan a gaba. Motocin Peugeot 404 da 504, waɗanda muke kira bashe, su ma suna da shi a gaba. Nasu ma ya fi wuya, domin shi ne ke riƙe da ƙafar motar, yana kuma juyawa tare da sitiyari. Wannan tsari yana ɗauke da sunan injiniyan Amurka da ya ƙirƙiro shi, Earle MacPherson. An daɗe ana harhaɗa 504 a Kaduna, shi ya sa har yanzu ake samunta a garuruwan bakin iyaka.

Ka leƙa bayan tayar gaba. In ka ga rasor na murɗe ya naɗe amortisar, to motarka tana da iri na biyu. Ka karanta sashen da ke maganarsa a ƙasa sau biyu kafin ka taɓa sifana.

Sayen sabo

Amortisar bibbiyu ake canza shi: na gaba biyu tare, ko na baya biyu tare. In ka sa sabo a dama ka bar tsoho a hagu, mota za ta riƙa karkata, sabon ma ba zai daɗe ba.

Kafin ka tafi kanti, ka rubuta sunan motarka, da shekarar ƙirarta, da lambar shasi wadda ke cikin takardar mota. Ka goge jikin tsohon amortisar, za ka ga lamba. Ita ma ka rubuta ta. In da hali ka tafi da tsohon, a gwada tsawonsu da kawunansu. Amortisar da ya gaza tsawo yana tsinkewa in ƙafa ta sauka cikin rami. Wanda ya wuce tsawo kuma yana bugun gindinsa in an yi lodi.

Game da na hannu, wanda aka ciro daga wata mota: araha ba ta ado. Ido ba ya ganin cikinsa. In ya zama dole, ka tsayar da shi, ka ja ka tura da hannu. Ya kamata ka ji tauri tun daga farko har ƙarshe, ba tare da wani wuri ya zame ba. Sandarsa ta kasance sumul, babu tsatsa babu ƙarzuwa. Robobi kuwa sababbi za ka saya, ko da amortisar ɗin na hannu ne.

Kayan aiki

Za ka bukaci jak, wanda wasu ke kira kirik. Za ka bukaci sifanar taya, da sauran sifanu. Galibi lamba 14, 17 da 19 ne ke aiki, amma ka gwada a motarka tukuna. Ka nemi guntun bututun ƙarfe na ƙara wa sifana tsawo, da guduma, da buroshin ƙarfe, da tsumma. Ka nemi man sassauta tsatsa, ko ɗan gazuwal. Ka nemi katako mai faɗi da kauri na sa wa ƙarƙashin jak. Abu mafi girma: ka nemi ƙafafun ƙarfe na tokare mota, irin waɗanda ake gani a gareji. In babu, ka samu gumagumai na icce mai tauri, masu shimfiɗaɗɗen sama da ƙasa, marasa tsagewa.

Ka kuma nemi mutum ɗaya babba ya tsaya tare da kai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Haɗari na farko: mota bisa jak

Jak na ɗaga mota ne, ba na riƙe ta ba. Jak na mai yana iya sauka da kansa. Yana iya zamewa, yana iya nutsewa cikin rairayi. Ƙaramar motar ɗaukar kaya ko babu kaya ta fi tan 1 nauyi, wasu sun kai tan 2. Ƙirjin mutum ba ya ɗaukar wannan.

Saboda haka ga doka: kada ka sa kai, ko hannu, ko ƙafa ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko da na ƙiftawar ido ne.

Kada ka tokare mota da tubalin laka. Kada ka tokare ta da bulon siminti na gini. Waɗannan ba sa gargaɗi. Rugujewa suke yi lokaci guda. Kada ka ɗora duwatsu bisa juna. Kada ka yi aikin a kan rairayi ko a gangare. Ka nemi wuri mai tauri, shimfiɗaɗɗe. Ka kori yara da dabbobi daga wurin, kada kuma kowa ya zauna cikin mota ko ya jingina da ita.

Yadda ake canza na baya

1. Tun jajibirin aikin, ka goge notinan amortisar da buroshi, ka zuba musu man sassauta tsatsa. Ka bar su su kwana.

2. Ka sauke dukan kaya. Ka kashe mota, ka zare makulli, ka sa giya ta ɗaya, ka ja birkin hannu. Ka tare tayoyin gaba da icce, gaba da baya. Wannan ya zama dole, domin birkin hannu tayoyin baya kaɗai yake riƙewa, su kuwa za su bar ƙasa.

3. A wasu motoci masu tsawo ana iya kai ga amortisar na baya ba tare da an ɗaga mota ba. In taka haka take, wannan ya fi sauƙi, ya fi aminci. In kuwa dole a cire taya, ka sassauta notinanta kaɗan tun tana ƙasa.

4. Ka ɗaga mota da jak. Ka sa tokari ƙarƙashin shasi, wato manyan ƙarafan nan biyu da ke ɗauke da jikin mota. Ka sauke mota a hankali har nauyinta ya hau kan tokarin. Ka girgiza ta da hannu ka ga ko ta zauna daram. Ka cire taya, ka kwantar da ita ƙarƙashin shasi, ta zama mataimaki na biyu.

5. Ka mayar da jak ƙarƙashin aksil, wato ƙarfen da ya haɗa ƙafafun baya biyu. Ka ɗan tallafe shi kawai. In ba ka yi haka ba, aksil zai sauka da zarar ka cire amortisar, yana iya jan tiyon birki har ya tsage.

6. Kafin ka kwance kome, ka duba yadda robobi da wasoshi suke jere. Ka zana su a takarda, ko ka ɗauki hotonsu da salula. Da yawa sukan manta jerin in sun zo mayarwa.

7. Ka kwance notin ƙasa, sa'an nan na sama. In bulon ya ƙi fita, ka ɗan ɗaga jak ko ka sauke shi kaɗan har ka ji ya saki. In za ka buga shi da guduma, ka bar noti a bakinsa domin kada haƙoransa su lalace. Kada ka kusantar da wuta don sassauta noti: tankin mai yana kusa, amortisar mai gas kuma yana iya fashewa.

8. Ka jera tsoho da sabo ka gwada. In sabon na mai ne zalla, ka tsayar da shi yadda zai zauna a mota, ka ja ka tura sau 4 ko 5, domin iskar da ta shiga tsakanin man lokacin da yake kwance ta koma sama. In mai gas ne, sau da yawa yakan zo ɗaure da igiyar roba. Kada ka yanke ta sai ka rataya kansa na sama. In ka yanke zai miƙe da kansa a hankali, sai ka kai gindinsa mazauninsa.

9. Kada ka kama sandar nan mai ƙyalli da filaya. Ƙarzuwa ɗaya tana yanka robar da ke tsare mai, sabon amortisar ya fara yoyo cikin ƴan makonni.

10. Ka mayar da robobi da wasoshi bisa jerinsu. Ka ɗaura notina, amma kada ka matse su tukuna.

11. Ka mayar da taya, ka cire tokari, ka sauke mota ƙasa. Yanzu ne za ka matse notinan amortisar, lokacin da nauyin mota yake kan ƙafafunta. In ka matse su mota tana rataye, roba za ta zauna a murɗe, ta tsage da wuri. Ka matse sosai, amma kada ka hau sifana da ƙafa. A inda noti ke danna roba daga sama, ka tsaya in robar ta ɗan kumbura ta kai faɗin wasa.

12. Ka matse notinan taya a giciye: wannan, sai na daura da shi, har su ƙare. Sa'an nan ka koma ɗaya gefen ka yi kamar haka.

Amortisar na gaba wanda yake tsaye shi kaɗai, shi ma haka ake canza shi, sai dai tayoyin baya za ka tare. A wasu motoci kansa na sama siririyar sanda ce mai noti. Sai ka riƙe kan sandar da ƙaramar sifana kada ta juya tare da notin.

Haɗari na biyu: rasor matsattse

Yanzu mun zo kan amortisar mai rasor a wuya. Rasor ɗin nan an matse shi da ƙarfin da ya kai nauyin buhuna da yawa. Abin da ke riƙe da wannan ƙarfi duka shi ne noti ɗaya da ke tsakiyar faranti na sama. Wanda ya kwance wannan noti ba tare da na'urar matse rasor ba, farantin da rasor za su tashi kamar harsashi. Suna karya muƙamuƙi, suna cire yatsu, suna fasa ido, suna kisa.

Wasu sukan ɗaure rasor da igiya, ko da waya, ko da belin daurin kaya. Wannan wasa da rai ne. Igiya tana tsinkewa, waya tana zamewa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ga hanyar da ta dace. A Hilux na zamani, mutumin da ya saba da aikin mota yana iya ciro abin dungurungum, rasor da amortisar a haɗe. Bayan an tokare mota an cire taya, akwai notina 3 a kewayen farantin sama, da babban bulon ɗaya a ƙasa. Waɗannan kaɗai za a kwance. Wani lokaci sai an saki ƙaramar sandar da ke hana mota karkata kafin ya samu hanyar fita. A kula da tiyon birki da ƴar wayar lantarki da ke zuwa ga ƙafa, kada a ja su. Notin tsakiya kuwa, ka shafa masa alli ko fenti domin ka tuna ba naka ba ne. Ka ɗauki abin yadda yake, ka kai wa makanikin da ke da na'urar matse rasor. Ka tambaye shi ya nuna maka na'urar kafin ka ba shi aikin. Shi zai cire tsohon amortisar ya sa sabo, kai kuma ka dawo ka mayar. Ka sa alama a na dama da na hagu kada su musanya.

A bashe 404 da 504 kuwa, sai an raba gaɓoɓin sitiyari da na birki kafin a ciro shi. Kuskure kaɗan a nan yana raba direba da sitiyari ko birki a tsakiyar tafiya. Shawararmu ita ce a kai motar gareji gaba ɗaya. Kuɗin makaniki bai kai kuɗin jinya ba.

Duk lokacin da aka taɓa ƙafafun gaba, a kai mota inda ake daidaita su. In ba a yi ba, mota tana ja gefe ɗaya, sababbin tayoyi su cinye ta baki guda.

Bayan an gama

Ka tattara kayan aikinka ka ƙidaya su. Ka taka birki sau da yawa kafin mota ta motsa, ka tabbata yana da tauri. Ka yi ƴar tafiya a hankali, babu kaya babu fasinja, kana sauraro. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100, ka sake bin dukan notinan da ka taɓa da sifana, har da na taya.

Tsohon amortisar kada a bar wa yara. Kada a jefa shi cikin wuta. In za ka sayar wa maƙeri ko mai sayen tsofaffin ƙarafa, ka gaya masa in mai gas ne, domin yana fashewa in ya ji wuta ko walda. Man da ke cikinsa ba magani ba ne. Kada a shafa shi a miki ko ƙaiƙayi, na mutum ko na dabba. Kada a zubar da shi kusa da rijiya ko cikin garka.

Ka kuma tuna, sabon amortisar ba ya ƙara wa mota ƙarfin ɗaukar kaya. Yawancin waɗannan motoci an yi su ne don ɗaukar kimanin tan 1, wato buhu 10 masu kilo 100, kuma nauyin mutanen da ke bisa yana cikin lissafin. Ka duba takardar motarka, an rubuta iyakarta. Lodin da ya wuce kima da gudu kan gargada su ne manyan makasan amortisar da rasor.

In tsautsayi ya auku

In mota ta danne mutum, kada a ja shi ta ƙafa ko ta hannu. A ɗaga motar da jak ko da taron mutane, a tokare ta, sa'an nan a zaro shi a hankali, kansa da wuyansa da bayansa a miƙe. A kwantar da shi bisa ƙyaure ko faffaɗan katako. Kada a ba shi ruwa ko abinci. A kai shi likita nan take, ko da ya ce ya ji sauƙi, domin jini yana iya zuba a ciki ba a gani. A manyan garuruwa ana kiran ƴan kwana-kwana a lamba 18.

In yanka ne, a wanke shi da ruwa mai tsabta da sabulu, a danne da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya. Kada a zuba masa man birki, ko fetur, ko ƙasa. A je likita a tambayi allurar rigakafin sarƙe-haƙora, domin ƙwayar wannan cuta tana cikin ƙasa da ƙurar da ke manne da ƙarafa. In tsatsa ko mai ya faɗa ido, a wanke da ruwa mai yawa, kada a murza.

Abin da za a riƙe

Amortisar shi ke manne taya da ƙasa. In ya mutu, birki da sitiyari sun raunana. A duba shi kafin damina da kafin kaka. A canza shi bibbiyu. Wanda yake tsaye shi kaɗai, ana iya canza shi a gida. Kada a shiga ƙarƙashin motar da ke bisa jak kaɗai. Kada a kwance notin tsakiya na amortisar mai rasor a wuya.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa direban garinsu da yaran motarsa. Matambayi ba ya ɓata: in wani mataki ya shige maka duhu, ka ajiye sifana, ka je ka tambayi makaniki kafin ka ci gaba.